Ƙafar Sabi'u

Na fara da sunan Allah, wanda bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Maganin ƙanena Sabi'u yana nan tun ranar farko, kuɗin mota ne kawai tsakaninmu da shi. Amma sai da muka bi ta hannun masu hikimar ƙauyenmu tukuna, kuma ƙafarsa ta dama ce ta biya ladan wannan hikima. Sunana Rakiya. Ina aure a wani ƙauye a ƙasar Kunci, unguwa ɗaya da gidan da aka haife ni, kuma ni na yi jinyar yaron nan tun daga faɗuwarsa ta farko har ranar da ya taka ƙasa da sanda. Ina rubuta wannan don duk wadda ɗanta ko ƙanenta ya faɗa shan ƙwaya ta ji daga bakin wadda ta wanke gyambon da hannunta, kafin ta je neman shawara wajen 'yan majalisar gindin darbejiya.

Sabi'u shi ne autanmu. Inna ta rasu yana rarrafe, ni na goya shi, shi ya sa har ya yi gemu bai iya haɗa ido da ni in ina faɗa. Da Baba ya bi ta, gandu ya koma hannun ƙanensa, Baffa Isyaku. Kada ku ji na ce gandu ku zaci wani abin kirki ne. A wajenmu gonar gado an raba ta, an sake rabawa, har ta kai in akuyarka ta tsinke igiya sai ta yi wa mutum uku ɓarna kafin ka kamo ta. Da shekarun nan masu tsanani suka shigo, taki ya gagari talaka, abin da muke nomawa ba ya kai mu ko tsakiyar rani. Sai samari suka koma ƙwadago a gonakin Alhaji Garba, mutumin da duk shekarar da wani ya kasa, gonarsa ke ƙara faɗi.

Da can yini ake biya. Ka shiga da safe, ka tashi da azahar, a ba ka fura a ba ka kuɗinka. Alhaji ya ce shi ya gaji da biyan mutane suna hira a kan fartanya, daga yanzu sai jinga: a nuna maka yanki, a yanka kuɗi, ka gama yau ko ka gama jibi, ruwanka. Mai son ya ga amfanin guminsa dole ya cinye aikin kwana biyu a yini guda, jikin ɗan'adam kuwa ba inji ba ne. To, sai ga shayi. Wakilin Alhaji ke kawo shi a ƙaton filas a bayan babur, kyauta, wai sadaka ce ga ma'aikata. Babu wanda bai san tiramol ake narkawa a ciki ba a duk faɗin garin nan, babu kuma wanda bai iya nuna bai sani ba.

Daminar nan Sabi'u ya yi suna. Shi ke fara kai ƙarshen kunya, shi ke ƙarshen tashi. Baffa ya riƙa baza babbar riga a majalisa yana cewa jinin gidansu ne, wai haka shi ma yake a zamaninsa. Da kuɗin jingar nan aka sayo takin da aka zuba a gonar gidanmu, kuma ban ji Baffa ya tambayi inda ƙarfin yake fitowa ba.

Abin da na fara gani susa ce. Yana zaune muna hira sai ya yi ta sosa hanci da wuya, har ya ji wa kansa ciwo. Tuwon da yake sharewa ya nemi ƙari ya koma loma biyu ya ture kwano. Wando ya fara zame masa. Wani lokaci yana tsakiyar magana sai barci ya fisge shi a zaune, in ka taɓa shi ya tashi da masifa. Na gaya wa Baffa, ya ce basir ne. A wajen Baffa, daga ciwon kai har karaya, komai basir ne. Aka jiƙa masa sassaƙe ya yi ta sha.

Da kaka, ana cirar gyaɗa a gonar Alhaji, wata mata ta shigo mini a guje ta ce Sabi'u ya faɗi. Na fita ko mayafi ban tsaya nema ba. Na tarar da shi tsakanin kunyoyi yana fisga, kumfa a bakinsa, kansa yana bugun ƙasa. Ga ƙarti majiya ƙarfi sun yi masa zobe daga nesa, kowa ya toshe baki da hanci da gefen riga, wai farfaɗiya ce, in miyansa ya taɓa ka ta kama ka. Waɗannan jarumai su ne da safen nan suka sha shayi a kofi ɗaya da shi. Na durƙusa na ɗora kansa a cinyata har jikin ya saki, na share masa baki da zanena. Ga ni nan har yau, ko ciwon kai ban ɗauka ba.

Satin farko iska ce. Akwai wata tsamiya a iyakar gonar, aka ce ya taka 'ya'yan masu wurin. Aka yi hayaƙi, aka yi turare, ɗakinsa ya koma kamar ana gasa kifi. Sati na biyu mai kemis ɗin bakin kasuwa ya zo ya taɓa goshinsa, ya ce taifot ne da maleriya suka haɗu, ya ɗaura masa ruwa, ya karɓi kuɗin akuyata. Daga baya na gane a hannunsa Sabi'u ke sayen ƙwayar tun da aikin gona ya ja baya, shayin sadaka ya ƙare. Wato ya san cutar fiye da kowa a ɗakin, shi ke sayar da ita da safe, ya zo da yamma ya sayar mana da taifot.

A sati na uku ya sake faɗuwa, wannan karon a tsakar gidana. Da ya farfaɗo ya kalle ni ya ce, "Yaya, don Allah a daina ƙona turaren nan. Ba iska ba ce." Ya sa hannu a aljihu ya ajiye mini ƙwayoyin a kan tabarma. "Da ɗaya nake yini. Yanzu in ban sha ba sai in ji kamar ana sassaƙa ƙashina. Na yi ƙoƙarin bari, wallahi na yi, na kasa."

Na yi kuka, na yi faɗa, sannan na je na gaya wa Baffa, ina zaton an gano ciwo sai a nemi magani. Ashe cire shi na yi daga sahun marasa lafiya. Jiya ana shigowa da kunu ana sannu Sabi'u, Allah ya sa kaffara ce. Yau da aka ji sunan cutar sai ya zama ɗan iska, ƙafar 'yan dubiya ta ɗauke kamar an yi ruwa an share. Jikin nan dai shi ne, fisgar nan ita ce, sunan kawai aka canza.

Na ce a kai shi Kano, na ji a rediyo akwai likitocin da wannan ne aikinsu. Baffa ya ce, "Asibitin mahaukata? So kike a ce an taɓa kai ɗan gidan nan can? Wa zai ƙara neman aure a gidanmu?" Haka rani ya wuce muna ja-in-ja, shi kuwa yaro yana ta lalacewa. Ba zan wanke shi ba. Ya sayar da wayarsa, ya sayar da garmar Baba, ya ɗauke mini kaji. Akwai ranar da ni kaina na ji da zan samu taɓarya kusa da sai na rotsa masa kai.

Ranar da aka wayi gari da ruwan shuka, Baffa ya saɓa sungumi ya buɗe rumbu zai ɗauko iri. Buhunan suna nan a tsaye, a ɗaure yadda ya ɗaure su. Da ya kwance sai ga ɓawon gyaɗa da yashi. Irin gero da na gyaɗa da tsohon nan ya hana kansa da iyalinsa ci duk tsawon rani, sun tafi. Ranar na ji tausayin Baffa har cikin raina. Ya tsaya da ƙwarya a hannu yana kallon maƙwabta suna wucewa gona. Wanda bai san abin da ake nufi da a rasa iri a irin wannan shekara ba, kada ya yi saurin zagin tsohon nan.

Da la'asar aka zauna a zaure. Akwai Baffa, akwai wasu dattawa, akwai mijina Malam Hadi, sai ga Alhaji Garba da kansa ya zo jaje, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ni ina durƙushe a bakin ƙofar cikin gida.

Alhaji ya gyara zama ya ce, "Malam Isyaku, yaran yanzu ba sa jin magana sai ƙarfe. Wannan ba ciwo ba ne, iskanci ne. Akwai wani gida can gabas, sai an wuce Zakirai da nisa, in aka sa wa yaro mari a ƙafa ya ji bulala, da kansa zai manta da sunan ƙwaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Dattawa suka ce gaskiya ne, Alhaji, Allah ya ƙara girma.

Na ce, "Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri. Shi kuma filas ɗin da ake kaiwa gonarka, a wace ƙafa za a sa masa nasa marin? Ai in ɓera da sata, daddawa ma da wari."

Baffa ya daka mini tsawa. "Rakiya! Tashi ki ba mu wuri. Yaushe aka fara haka a gidan nan?"

Alhaji ya yi 'yar dariya ya ce, "Ƙyale ta, Malam Isyaku, zafin ɗan'uwa ne. Ni dai shayi na sani, sadaka nake yi."

Mijina ya ce a hankali, ko za a fara gwada asibitin, in ya so a gani. Baffa ya ce, "Malam Hadi, kai suruki ne, ka tsaya a matsayinka." Magana ta ƙare ke nan. Alhaji, don tsabar alheri, ya ba da a-kori-kurarsa kyauta har da mai. Abin da ya fi ƙona mini rai, Sabi'u ko gardama bai yi ba. Da zai hau motar ya ce, "Yaya, ƙyale su. Wataƙila hakan ne zai raba ni da ita. Na gaji."

Kada wani ya ce Rakiya ta zagi malamai. Mijina malami ne, a zaurensa yaran unguwarmu ke karatu, ban taɓa ganin ya ɗaure ko ɗan akuya don ya koya masa wani abu ba. Mai wancan gidan rawani kawai na gani a kansa, karatunsa ban ji ba. Abin da na tabbatar ya iya shi ne auna hatsin da ake kai masa duk wata.

Zuwana na farko an hana ni ganinsa, wai ganin dangi yana mayar da aiki baya. Aka karɓi ƙuli-ƙuli da garin kunun da na kai, aka ce in juya. Zuwa na biyu na zauna a ƙofar na ce ko a nuna mini shi ko in kwana a nan. Aka shigar da ni. Suna zazzaune a ƙasa cikin wani ɗaki mai zarni, manya da ƙanana, kowa da ƙarfe a ƙafa. Bayan Sabi'u duk shatar bulala. Idon sawunsa na dama ya kumbura ya haɗiye ƙarfen, ƙudaje suna bi. Na tambaya, wani daga cikinsu ya ce marin da ya rage ke nan ranar da aka kawo shi, na wani siririn yaro ne da aka sallama, haka aka matsa shi ya shiga. Na nuna wa mai gidan. Ya leƙa daga tsaye ya ce, "Dafin ƙwayar ne ke fita ta nan, Hajiya. Ki gode wa Allah."

Na dawo na gaya wa Baffa ƙafar yaron nan tana ruɓewa. Ya ce, "Alhamdu lillahi, aiki yana ci ke nan." Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah da darajar Baba, ya ce shi ya kai shi, kuma ba mai fito da shi sai shi.

Ba a yi nisa ba sai ga saƙo daga mai gidan, wai mu zo mu ɗauki yaronmu, ya shiryu. Ba tausayi ba ne, gawa ce ba ya so a gidansa. Aka je neman motar Alhaji, aka ce ta tafi ɗauko taki. Ni da Malam Hadi muka hau ta haya. Mun tarar da shi jiki kamar wuta, yana sambatu, bai ma gane ni ba. Marin ya ƙi fita, sai da aka kira maƙeri ya yanke shi da zarto, ni ina danne da ƙafar. Allah ya saka wa direban da ya ɗauko mu da alheri. Fasinjoji suna toshe hanci suna tsaki, ya ce wanda ba zai iya ba ya sauka, ya ba mu gidan gaba, bai kuma ƙara mana ko sisi ba.

A asibitin da ya fi kusa mun bi layin kati tun hantsi. Da muka iso, ma'aikaciyar ta dubi ƙafar, ta dubi bayansa, ta ce, "Ɗan ƙwaya ne ko? Ku koma baya, masu ciwon Allah su fara." Na ce, "Baiwar Allah, shi wannan ciwon na wane ne?" Ta yi kamar ba ta ji ba. Sai bayan azahar wani ya wanke gyambon, ya yi masa allura, ya ce abin ya fi ƙarfinsu, mu wuce Kano yau ɗin nan. Kanon da na ambata tun kaka ake zagina, ita muka nufa da damina tsaka, da ruɓaɓɓiyar ƙafa a kan cinyata.

Satin farko a Kano babu gado, a kan tabarma aka ɗaura masa ruwa. Komai sai ka saya, auduga, safar hannu, har ledar da za a zuba jinin da mijina ya bayar. Keken ɗinkina ya tafi, tunkiyata mai ciki ta bi shi, sannan 'yan kunnen aurena. Baffa ya aiko da ƙwaryar gero da saƙon a gaya wa Sabi'u ya tuba. Alhaji ya aiko da gaisuwa. Dattawan da suka ce gaskiya ne a zaure, ko ɗaya bai san hanyar tasha ba. Wadda ta riƙe ni wata Hajiya ce daga Rimin Gado mai jinyar mijinta a gefenmu. Ba ta san ni ba, ba ta tambaye ni me ya jawo ba, kullum sai ta turo mini ruwan zafi da rabin abincinta. Ban da abin biyanta sai addu'a.

Likitar da ta duba ƙafar yarinya ce, ban zaci ta kai ni shekaru ba. Ta ce da mun ƙara 'yan kwanaki da sai dai a yanke daga gwiwa, ko kuma a yi masa sutura. Sau biyu ana shiga da shi tiyata, aka kankare ruɓaɓɓen nama, aka yanko fata daga cinyarsa aka lulluɓe wurin. Ƙafa ta tsira, amma ta ce jijiyar da ke ɗaga tafin ta mutu, haka zai riƙa jan ta har ƙarshen ransa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: an tafi da shi ɗan ƙwaya mai ƙafa biyu, an dawo mana da gurgu. Wanke gyambon nan kuwa, safe da yamma, da kwasar fitsari da bayan gida, ni na yi, kuma ban taɓa jin ƙyama ba sai in na tuna fuskokin da ke zauren nan.

Da zazzaɓin ya sauka, sai wani abu ya taso. Gumi, rawar jiki, hamma ba iyaka, gudawa, yana murƙususu yana cewa ƙashinsa. Likitar ta tsaya ta ce, "Wannan ai jikin wanda bai daɗe da rabuwa da ƙwaya ba ne. Ba kun ce ya fi wata a ɗaure ba?" Na juya na kalli Sabi'u. Ya kau da kai ya ce, "Har a can ban daina ba, Yaya. Masu gadin ke shigo da ita. Abincin da kike kawowa da shi nake saya. Can ma tana nan, tsada kawai ta fi yi."

Na rasa kuka zan yi ko dariya. Ga sakamakon ƙarfe da bulala da hatsin da aka riƙa aunawa duk wata. Ƙuli-ƙulin da nake soyawa ina hawaye, ashe kuɗin ƙwaya nake kaiwa.

Daga nan aka turo wani dattijon likita daga ɓangaren da Baffa ke kira na mahaukata. Shi ne mutum na farko, tun da abin nan ya fara, da ya ja kujera ya zauna ya tambayi Sabi'u yadda aka yi ya fara, kuma ya saurara har ƙarshe. Ya ce ba a fisge mutum daga wannan abu a rana ɗaya, a hankali ake saukowa da shi, kamar mai saukowa daga kan rumbu. Ya rubuta magani, ya ce za a riƙa ragewa. Sannan ya faɗi maganar da har yau ke kunnena: "Zai iya komawa. In ya koma kada ku ce magani ya ƙi. Ku dawo da shi, kamar yadda mai hawan jini ke dawowa."

Ni ma ban ƙyale shi ba. Na ce, "To satar irin fa, Likita? Tsoho ya rasa shukar farko saboda shi. Haka za a shafa masa kai a ce sannu?"

Ya ce, "Laifin yana nan, Hajiya, ban goge shi ba. In ya warke ku tuhume shi. Amma sai yana da rai da hankali zai amsa muku."

Mun dawo gida ana yankan gero. Duk wata sai mun koma ganin likita, kuɗin mota kuwa kullum ƙaruwa yake, wani zuwan sai na sayar da man gyaɗar sati guda. Layi yana nan, tsawar ma'aikata tana nan, wani lokaci ka je a ce maganin ya ƙare ka nemo a waje. Ban ce asibiti aljanna ce ba. Kuma ya koma, sau ɗaya. Na gane daga susar. Na shiga ɗaki na yi kukana, na fito na ce ya sa riga. Likitan ko fuska bai ɓata ba, ya ce madalla da kuka zo da wuri, aka sake ɗaukowa daga inda aka tsaya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ni dai a kan haka na tsaya. Yanzu damina biyu ke nan bai taɓa ta ba. Noma ya gagare shi, Malam Hadi ya kafa masa 'yar rumfar cajin waya a bakin hanya. Daga abin da yake samu ya riƙa sayen gyaɗa yana kai wa Baffa har ya cika buhun da ya zubar, ba wanda ya sa shi.

Na gode wa Allah. Na gode wa mijina, da direban nan, da Hajiyar Rimin Gado, da likitocin nan biyu da ko sunana ba su riƙe ba. Sauran kuwa ban da abin ce musu, don sun riga sun gode wa kansu. Ku je gindin darbejiya ku ji. Baffa yana nan yana ba da labarin yadda ya ƙi sauraron surutun mata ya kai yaro inda aka gyara shi, wai ƙarfe ya yi aikinsa, asibiti ƙafa kawai suka ɗinke. Dattawa suna gyaɗa kai. Alhaji Garba kuwa shi aka naɗa shugaban masu yaƙi da shaye-shaye na garinmu, ranar sallah har jawabi ya yi.

Kwanan baya ina suyar ƙuli-ƙuli da hantsi sai ga Tasalla, maƙwabciyata. Mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya namiji, Nafi'u, shi ke ciyar da ita da ƙwadago. Ta zauna ta daɗe tana murza bakin mayafi, sannan ta ce, "Rakiya, Nafi'u ya fara abin nan. Jiya ya faɗi a gona. Na zo ki yi mini kwatancen gidan da aka kai Sabi'u."

Na sauke kaskon. Na zauna na ba ta labarin nan kaf, yadda na ba ku shi, ban rage komai ba. Na gaya mata a can ma ana sayarwa. Na gaya mata ranar da likitan ke zama da motar da ake hawa. Sannan na aika aka kira Sabi'u daga rumfarsa. Ya shigo yana jan ƙafa, ya gaishe ta. Na ce, "Ɗaga mata wandonka."

Ya ɗaga. Ta daɗe tana kallon wurin, ramin da ya zagaye idon sawun, da facin fatar da launinta ya bambanta, da tafin da ke lilo. Hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Wayyo Allah. Sannu, Sabi'u, sannu."

Ya ce, "Inna Tasalla, don girman Allah kada ki kai shi. In rakiya ce, ni zan raka shi asibiti da wannan ƙafar. In kuɗin mota ne, zan bayar."

Ta share ido ta miƙe, ta gyara mayafinta. Har ta kai bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Na gani, ɗan nan, na gani. Amma ai ga shi ka daina."

Sabi'u ya saki wandon ya rufe ƙafarsa, ya ɗauki sandarsa ya koma rumfarsa. Kwatancen da na hana ta, Baffa ya yi mata shi da la'asar ɗin nan. Washegari aka tafi da Nafi'u.